Rungis: Yadda Paris Ta Fitar da Kasuwar Gwarinta Daga Tsakiyar Gari

A ƙarshen watan Fabrairun 1969 kasuwar Les Halles, wadda ta haura shekara 800 tana ci a tsakiyar birnin Paris, ta naɗe tabarmarta. Cikin 'yan kwanaki manyan motoci kimanin 1,500 suka kwashe komatsan 'yan kasuwa suka nufi kudu da su. Mutanen da ƙaurar ta shafa sun kai 20,000, kamfanonin sari kuwa wajen 1,000. Ranar Litinin 3 ga Maris sabuwar kasuwa ta buɗe a Rungis, kilomita bakwai daga bakin birnin. Har yau Faransawa suna kiran wannan aiki da ƙaurar ƙarni.

Duk mai ba da labarin Rungis da girmanta yake farawa: hekta 234, ta fi ƙasar Monako faɗi, kamfanoni kusan 1,200, ma'aikata wajen 12,000, abincinta yana kaiwa ga mutum miliyan 18. Duk gaskiya ne, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Birane da dama sun yanki makeken fili sun jera rumfuna, 'yan kasuwa suka ƙi komawa, ko suka koma cunkoson ya bi su can. Abin da ya ja hankalina ga Rungis shi ne yadda aka zana ta. Masu tsarin sun fara bin sawun kayan ne, daga sa'ar da akwatin tumatir ya sauka zuwa sa'ar da ya fita, sannan suka ɗora gini a kan wannan sawu.

Sai an san ciwon da ke damun Les Halles kafin a gane maganin. Rumfunanta na ƙarfe da gilashi Victor Baltard ne ya zana su tun a shekarun 1850, zamanin Napoleon na Uku. Guda goma aka fara yi, aka ƙara biyu a 1936. Gine-gine ne masu kyau, ga iska ga haske, sai dai an yi su ne domin birni mai mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, a lokacin da keken doki ke kawo kaya. Zuwa farkon shekarun 1960 mutanen Paris da kewayenta sun wuce miliyan takwas, kuma gingimari ta maye gurbin doki, amma titunan da ke kewaye da kasuwar suna nan yadda suke. Rumfuna suka cika suka batse, kayan lambu suka malalo kan titi, ana kasa su a ƙasa cikin dare, da hantsi a kwashe domin motocin gari su samu hanya.

Babu dakalin da mota za ta jingina a sauke mata kaya. Komai da hannu da kafaɗa da amalanke ake yi. 'Yan dakon kasuwar, waɗanda ake wa laƙabi da ƙarfafan Les Halles, ƙungiya ce mai tsohon tarihi, kuma ba a shiga cikinta sai mutum ya ɗauki kilo 200 ya yi tafiyar mita 60 da shi. Abin alfahari ne a wurinsu, kuma sun cancanci yabo, amma kasuwar da sai da irin wannan ƙarfi take motsi ta nuna cewa tsarinta ne ya gaza, jikin mutum ke biyan kuɗin. Ga kuma tafiyar banza da kaya ke yi. Abin da ya zo ta jirgin ƙasa sai an sauke shi a tasha, a loda wa mota, a kutsa da shi tsakiyar gari, a sauke, a sayar, a sake lodawa, wani ma a mayar da shi unguwannin bayan gari da ya ratso da tsakar dare. Hatsi zai jure wannan. Latas da tumatir da inabi kuwa, kowane saukewa rauni ne, kowace awa a waje asara ce.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar gwari a garuruwanmu lokacin kakar tumatir ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na taɓa ganin tirela ta maƙale a ƙofa tun bayan sallar asuba, mai baro yana son shiga, mai a-kori-kura yana son fita, masu saye suna raɓawa ta gefen taya, rana ta ɗaga, kwandunan ƙasa suka fara ɗigar da ruwa ta tsakanin katako. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Ƙofa ɗaya aka bar wa mai kawowa da mai saye da mai kwashe shara. Wannan ne ainihin ciwon Les Halles, sai dai nasu ya faru ne a tsakiyar babban birnin ƙasa.

Gwamnatin Faransa ta fara da doka. A 1953 aka fitar da dokar da ta ƙirƙiri rukunin kasuwannin sari na ƙasa, masu gata da ƙa'idoji na musamman. Zamanin Janar de Gaulle aka yanke shawarar tashin Les Halles, a 1962 aka tabbatar da Rungis a matsayin sabon mazauni, aka damƙa aikin a hannun wani jami'i mai suna Libert Bou. A 1965 aka kafa Semmaris, kamfanin haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa, wanda har yau shi ke tafiyar da kasuwar. Wurin da aka zaɓa shimfiɗaɗɗen fili ne a yankin Val-de-Marne, tsakanin garuruwan Rungis da Chevilly-Larue. Babbar hanyar A6 da ke gangarawa kudu tana gefensa, tsohuwar hanyar ƙasa ta 7 tana wucewa ta jikinsa, layin dogo yana kusa, filin jirgin saman Orly kuma maƙwabcinsa ne. Kudu ba zaɓin kan mai uwa da wabi ba ne. Kaso mai tsoka na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa daga can suke tasowa, daga kwarin kogin Rhône da Provence da Roussillon, daga baya kuma Sifaniya da Maroko. An tare kayan ne a hanyar da suke zuwa, kafin su shiga gari.

A cikin kasuwar, abu na farko da aka yi shi ne raba ta unguwa-unguwa bisa ga irin kaya: kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, nama, kifi, madara da cuku, sai furanni. Kowace unguwa da gine-ginenta da wurin ajiye motocinta, domin bukatunsu ba ɗaya ba ne. Kifi yana son ƙanƙara da daɓen da ake wankewa kullum. Nama yana son dogon ƙarfe a sama wanda ake rataye shi ana tura shi. Ayaba ba ta son sanyin da latas ke so, kuma akwai 'ya'yan itatuwan da idan aka haɗa su ɗaki ɗaya da wasu, iskar da suke fitarwa tana sa na kusa da su nuna kafin lokaci. Gine-ginen an sa musu harafi da lamba, kifi alal misali a A4 yake. Titunan kuma an raɗa musu sunayen garuruwan da kayan ke fitowa. A unguwar kayan lambu za ka ga titin Perpignan da na Carpentras da na Avignon, a ta kifi akwai Lorient da Boulogne, a ta nama akwai Aubrac da Salers, wuraren da suka yi suna da shanu. Ƙaramin abu ne, amma direban da ya kwana yana tuƙi ya iso da ƙarfe biyun dare ba ya bukatar tsayawa tambaya.

Inda basirar ta fi fitowa shi ne cikin rumfar kayan lambu ita kanta, kuma nan ne ya kamata a ɗan daɗe. Doguwar rumfa ce, da layi mai faɗi a tsakiyarta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Hagu da dama shagunan 'yan sari ne a jere. Kowane shago yana da fuska biyu. Ta gaba tana kallon layin tsakiya, nan ake baje kayan da ake son mai saye ya gani. Ta baya tana buɗewa waje, inda aka yi dakalin sauke kaya. Tsakanin fuskokin biyu akwai ɗakin sanyi da wurin ajiya, ofis kuma yana sama, ba ya cin filin ƙasa.

Mu bi akwatin tumatir ɗaya. Mota mai sanyi ta iso da dare, ta ja da baya ta jingina da dakali, wanda tsayinsa ya yi daidai da bayan motar. Ba a ɗaga komai ba, ba a sauke komai ƙasa ba. Ma'aikaci ya zura keken ɗaga kaya ƙarƙashin katakon da aka jera akwatunan a kai, ya ja shi gaba ɗaya zuwa ɗakin sanyi, tafiyar 'yan taku. Kafin asuba an fito da wasu gaban shago, an buɗe na sama domin a ga launi da girma. Mai kantin unguwa ko mai gidan abinci ya shigo da ƙafa ta layin tsakiya, ya duba na wannan, ya taɓa na wancan, ya tambayi farashi a shago huɗu ko biyar ba tare da ya tsallaka titi ko ya kauce wa mota ba. Idan ciniki ya faɗa, a haɗa masa kayansa a tura zuwa inda motarsa take. Babbar mota ba ta taɓa shiga inda mai saye yake tafiya ba, mai saye kuma bai tsaya a bayan babbar mota ba.

Wannan layin tsakiya yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Jera masu kaya iri ɗaya fuska da fuska yana sa farashi ya bayyana. Mai saye yana ganin kayan kowa cikin 'yan mintoci, mai sayarwa ma yana ganin na maƙwabcinsa. Ba wanda zai ɓoye a lungu ya tsuga kuɗi, kuma ba wanda zai ce an jefa shi ƙurya inda ba a zuwa. A ganina rabin rigimar da ake yi duk lokacin da aka ce za a tashi kasuwa daga nan take tasowa, kowa yana tsoron a ba wani bakin ƙofa shi a tura shi baya. Rumfar da kowane shago ke da gabansa a layi ɗaya da bayansa a kan dakali ta rage wannan gardama tun a kan takarda.

Manoman da ke kewaye da Paris ma ba a manta da su ba. An ware musu wurinsu daban inda suke sayar da abin da suka noma da kansu, ba sai sun bi ta hannun dillali ba. Mai gona da ya zo da ƙaramar mota da akwatuna kaɗan ba zai iya kama shago mai ɗakin sanyi ba, kuma idan aka cusa shi tsakanin manyan 'yan sari ɓacewa zai yi.

Bayan rabon wuri sai rabon lokaci. Kasuwar ba ta buɗewa gaba ɗaya. Kifi ke farawa da misalin ƙarfe biyun dare, nama ya biyo da ƙarfe uku, madara da cuku wajen ƙarfe biyar, kayan lambu da biyar da rabi. Mai gidan abincin da ke son komai yana farawa da abin da ya fi saurin lalacewa, ya bi unguwa-unguwa har ya ƙare da ganye, ya koma gari kafin hanya ta cika. Titi ɗaya da ƙofa ɗaya suna ɗaukar jama'ar unguwanni da dama saboda ba a tare suke zuwa ba. Ƙofofin kansu kamar na babbar hanya suke, ana biyan kuɗin shiga, kuma sai mai katin sana'a ke saye. Kasuwar sari ce zalla, ba ta cefanen gida ba. Hatta shara an yi mata hanyarta: akwai wurin tattara akwatuna da kwalaye, akwai injin ƙone shara wanda zafinsa ke ɗumama gine-ginen kasuwar, har ya kai filin jirgin Orly.

Gini kaɗai da bai riƙe 'yan kasuwa ba. Doka ta shata iyaka a kewayen Paris wadda a cikinta ba a yarda a buɗe sabon wurin sarin irin waɗannan kaya a wajen Rungis ba, ko da yake an sassauta ta a 2010. Ana iya sukar wannan a ce danniya ce, kuma masu sukar suna da hujja. Amma kasuwar gwari da taro take rayuwa. Da an bar rabin 'yan sari a tsohon wuri, masu saye za su ci gaba da zuwa inda suka saba, sabuwar ta zama kango. Shi ya sa aka kwashe kusan kowa lokaci guda, in ban da masu nama, sannan daga 1971 aka fara rushe rumfunan Baltard. Wannan rushewa ta yi wa mutane da yawa ciwo, kuma ni ma ina ganin an yi gaggawa, domin ana iya hana ciniki a wuri ba tare da an kayar da ginin ba. Rumfa ɗaya aka kwance aka sake kafawa a Nogent-sur-Marne da ke gefen Paris, tana nan har yau.

A daidai wannan zamani, gwamnatin nan ɗaya ta yi wani aikin a arewacin Paris wanda ya zama abin kunya, kuma ba a fahimtar Rungis sosai sai an ajiye shi kusa da ita. Mayankar La Villette tun 1867 take aiki. A ƙarshen shekarun 1950 aka yanke shawarar sake gina ta da kankare, hawa bisa hawa, ta zama abin nuna wa duniya. Kuɗin ya ninka abin da aka ƙiyasta. Kafin a gama, motoci masu sanyi sun riga sun canza sana'ar: ya fi arha a yanka sa a yankin da aka yi kiwonsa a kawo naman, da a jawo shi da rai har cikin birni. Ginin an yi shi ne domin aiki guda tak, aikin kuma ya bar gari. A 1973 aka mayar da sarin nama Rungis, a 1974 aka rufe La Villette. Katafaren zauren cinikin da aka gina a can shi ne daga baya aka mayar gidan baje kolin kimiyya, aka buɗe a 1986.

Rungis ma kiɗa ya canza mata, sai dai ita ta iya canza rawa. Manyan kantuna suka mamaye cinikin abinci a Faransa, suka kafa rumbunansu, suna saye kai tsaye daga manoma ba tare da sun bi ta kasuwar sari ba. Da yawa daga masu saye da suka rage kuma suka daina zuwa da kansu, sai su yi waya ko su aiko ta intanet a kawo musu har ƙofa. Ma'ana layin tsakiya ya rage cika, dakalin baya ya ƙara aiki. Dokokin tsafta da na sanyi su ma suka tsananta. Abin da ya ceci kasuwar shi ne gine-ginenta a shimfiɗe suke a ƙasa, kowanne zaman kansa yake yi, kuma akwai sarari tsakaninsu da gefensu. Aka riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya: a gyara rumfar nama, a sabunta ta kifi, a sanyaya wadda da ba ta da sanyi, sauran kasuwar na ci. Aka gina rumbunan haɗa oda da rarraba kaya a gefe. A 2016 aka buɗe rumfa ta musamman domin kayan da aka noma ba da takin zamani ko maganin feshi ba, abin da babu wanda ya yi lissafinsa a 1969. Filin da aka bari babu gini a farko, wanda mai ƙididdige kuɗin haya zai kira asara, shi ne ya ɗauki duk wannan.

Ba komai ne ya tafi yadda aka zana ba. Layin dogo na cikin dalilan zaɓen wurin, amma mota ta cinye kusan duk jigilar. Jirgin ƙasan da ke taso da kayan lambu daga Perpignan, a kudancin Faransa, da yamma ya iso Rungis cikin dare ya tsaya a 2019, taragunsa masu sanyi sun tsufa, ba wanda ya yarda ya sayi sababbi. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, Firayim Minista Jean Castex ya dawo da shi a watan Oktoban 2021, ya sake tsayawa a 2024. Matsalar tana da nasaba da tsarin wuri. Tarago yana tsayawa ne a tasha, sai an sauke kayan an kai su shago, mota kuwa har bakin ɗakin sanyi take zuwa. Sauƙin da dakalin baya ya ba mota shi ne ya kayar da jirgi. Shi ya sa sabon tunanin ya karkata ga ɗora bayan tirela ko kwantena dungurungum a kan jirgin, a sauke ta a ja ta zuwa dakali ba tare da an taɓa kayan ciki ba.

Ma'aikata ma sun biya nasu kuɗin. Les Halles a tsakiyar gari take, mai aikin dare yana iya zuwa da ƙafa, Rungis kuwa an gina ta ne da tunanin kowa yana da mota. Sai a 2013 jirgin titi mai lamba T7 ya fara bi ta wurin, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 14 kuwa sai a watan Yunin 2024 ya iso, shekara 55 bayan buɗe kasuwar. Ga wanda aikinsa ke farawa da ƙarfe ɗayan dare, wannan jira ya yi tsawo ƙwarai, kuma ina ganin nan ne masu zanen suka fi yin sakaci. Sun bi sawun akwatin tumatir taku-taku, ba su bi na mutumin da zai tura shi ba.

Sauran matsalar ita ce wadda girman birni ya haifar. Kasuwa ɗaya ce a kudu, masu cin abinci kuwa sun bazu ta kowace kusurwa. Mai kanti a arewacin Paris sai ya ratsa ko ya zagaye birnin gaba ɗaya ya zo ya koma, kayan da suka taso daga arewa ma sai sun gangaro kudu kafin a mayar da su inda suka wuce. Irin tafiyar banzan da aka guda a Les Halles ce ta dawo, sai dai yanzu a kan manyan hanyoyi. A 2021 gwamnati ta sanar da shirin Agoralim, wanda Semmaris za ta kafa a gabashin yankin Val-d'Oise, wajajen Gonesse, domin a samu wuri na biyu a arewa da zai haɗa noma da sarrafawa da rarraba kaya. Tun daga sanarwar aka shiga muhawara a kan filin, domin ƙasar noma ce mai kyau, kuma mazauna yankin da masu kare muhalli suna tambayar ko ya dace a zuba kankare a kan gona da sunan kawo abinci kusa.